Makullan Gidan Arlington

Mahaifina magini ne, kuma akwai ɗabi'a ɗaya da na gada a wurinsa wadda har yau na kasa bari. In na shiga ginin da ya burge ni, sai na kai hannu na shafa bangon, na ɗan ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa. Yakan ce fenti na iya ruɗin ido, amma bango ba ya yi wa hannu ƙarya. Da wannan ɗabi'a na hau tudun Arlington, a jihar Virginia ta Amurka, wata safiya mai ɗan sanyi.

Tun daga birnin Washington ake hango gidan. In ka tsaya a bayan ginin tunawa da Shugaba Lincoln ka dubi yamma, za ka ga gada ta miƙe ɗoɗar ta tsallake kogin Potomac, a can ƙarshenta tudu ya tashi, a kan tudun kuma ga wani gida mai manyan ginshiƙai yana kallon birnin kamar mai gadi. Kafin ka kai gare shi sai ka ratsa ta cikin kaburbura, fararen duwatsu a jere sahu bayan sahu har inda ido ya gaji. Wannan ita ce babbar makabartar sojojin Amurka, inda mutum sama da 400,000 ke kwance. Yawancin masu zuwa kabarin Shugaba Kennedy suke nema, wanda ke gangaren tudun, ƙasa da gidan kaɗan. Ni gidan na zo gani, domin shi ya riga makabartar, kuma saboda shi aka yi ta a nan.

Da na isa barandar gaba ina haki, sai na nufi ginshiƙi na farko. Daga nesa na ɗauka dutsen marmara ne aka sassaƙa, don har jijiyoyin nan na marmara akwai a jikinsa. Hannu na ɗorawa na gane yaɓe ne. Cikinsa jan bulo ne, aka yi masa yaɓe mai kauri, aka goge, sannan mai fenti ya bi ya zana jijiyoyin. Bangon gaban gidan ma haka yake: bulo ne aka yaɓe, aka tsaga layuka a kan yaɓen don ya yi kama da manyan duwatsu da aka jera. Ban raina aikin ba ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa riƙe cokalin gini ya san yaɓen da zai zagaye ginshiƙi sumul, ya jure ruwan sama da ƙanƙara shekara da shekaru, ba wasan yara ba ne. Tambayar da ta zo mini ita ce irin ta mahaifina: hannun wa ya yi wannan? Yumɓun a cikin gonar aka haƙo shi, a nan aka buga bulon aka gasa, katakon kuma daga dajin gonar aka saro. Mafi yawan wannan aikin ƙarfi bayin mai gidan ne suka yi shi.

Amurkawa suna kiran irin waɗannan gidaje da sunan antebellum, kalmar Latin mai nufin kafin yaƙi, wato manyan gidajen masu gandu da aka gina a kudancin ƙasar kafin yaƙin basasar 1861 zuwa 1865. Arlington na cikin waɗanda suka fara ɗaukar salon tsoffin wuraren bautar Girkawa, salon da daga baya ya cika Kudu. Wanda ya gina shi sunansa George Washington Parke Custis. Mahaifinsa agolan George Washington ne, shugaban Amurka na farko, kuma mahaifin ya rasu a 1781 yaron yana jariri, don haka a hannun Washington da matarsa Martha ya tashi, a gidansu na Mount Vernon. Da kakarsa Martha ta rasu a 1802, sai saurayin ya komo wannan fili mai faɗin eka 1,100 da ya gada daga mahaifinsa, tare da bayi da dama, ya soma gini.

Abin da ke ransa ya wuce wurin kwana. So yake ya yi gidan da zai zama ma'ajiyar kayan mutumin da ya rene shi, kuma ya ci bashi mai yawa wajen sayen kayan Mount Vernon lokacin da aka yi gwanjonsu. Gadon da Washington ya cika a kansa yana nan, da tantin da ya kwana a ciki lokacin yaƙin neman 'yanci, da tangaran, da hotuna, da takardu. Mai zanen ginin, George Hadfield, Baturen Ingila ne da ya taɓa kula da aikin ginin majalisar dokokin Amurka. Kuɗi ba su isa a yi aikin gaba ɗaya ba, sai aka bi shi kamar yadda talaka ke gini, ɗaki bayan ɗaki: ɓangaren arewa a 1802, na kudu a 1804, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu, sannan babban tsakiyar da barandarsa sai a 1818. Har bayan haka babban falon da ke hannun hagu in ka shiga ya zauna ba a gama shi ba, ana tara kaya a ciki, sai a 1855 aka kammala.

Tsawon gidan daga wannan kusurwa zuwa waccan ƙafa 140 ne. Barandar kuwa faɗinta ƙafa 60, zurfinta ƙafa 25, ginshiƙanta takwas, shida a gaba biyu a baya, kowanne tsayinsa ƙafa 23, kaurinsa a gindi ƙafa biyar. Mutum biyu ba sa iya haɗa hannu su zagaye ɗaya. Ba su da ado ko kaɗan, ba zane, ba ƙwarya a gindi, suna ɗauke da goshi mai kusurwa uku. In kana tsaye a ƙarƙashinsu za ka ji sun fi ƙarfin gidan, kamar yaro ya sa babbar rigar babansa. Da gangan aka yi haka. An auna su ne don idon da ke tsallaken kogi, mil biyu ko uku daga nan, inda siririn ginshiƙi zai ɓace. Custis na so duk wanda ke zaune a sabon babban birnin ya ɗaga kai ya ga gidan zuriyar Washington. Wannan buri nasa ya cika, kuma shi ne ya jawo wa gidan abin da ya same shi daga baya.

Ciki bai kai waje alfarma ba, kuma na fi son sa don haka. Dogon zaure ne ya ratsa gidan daga ƙofar gaba zuwa ta baya, rufinsa can sama, don iska ta riƙa wucewa lokacin zafi, domin bazarar Virginia tana da gumi. A hannun dama akwai falon iyali da ɗakin cin abinci, abin da ya raba su baka uku ne, irin wanda maginanmu ke kira bakan gizo. A wannan falo ne, ranar 30 ga Yunin 1831, aka ɗaura auren Mary Anna, 'ya ɗaya tilo da ta rayu a cikin 'ya'yan Custis da matarsa, da wani matashin hafsan soja mai suna Robert E. Lee. Sun haifi 'ya'ya bakwai, shida daga ciki a nan gidan.

Amma shekara goma kafin wannan biki an yi wani auren a gidan, kuma amaryar ita ma jinin Custis ce. Sunanta Maria Carter, ya haife ta da wata baiwa mai suna Arianna, ta auri wani bawan gidan, Charles Syphax, a 1821. Bayan 'yan shekaru aka 'yanta ta, uban ya ba ta eka 17 a gefen gonar, ba tare da takarda ba. Mu ma an yi bauta a ƙasarmu, da rinji da gandu da kasuwar bayi, kuma ba na cikin masu rufe wannan. Sai dai a shari'ar da kakanninmu suka bi, ɗan da ubangida ya haifa da ƙwarƙwararsa ɗa ne, yana cin gado. A Virginia doka tun daga 1662 ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa. Shi ya sa 'ya'ya mata biyu, uba ɗaya, ɗaya ta gaji eka 1,100, ɗaya ta fito duniya tana cikin dukiyar ubanta.

In ka fita ta ƙofar baya za ka faɗa tsakar gida, da dogayen gine-gine biyu masu gajeren rufi suna fuskantar juna. Nan ne bayin da ke aikin cikin gida suke kwana, nan ne madafar bazara da ɗakin ƙyafe nama da na ajiya. Masu noma suna can gangare cikin bukkokin katako waɗanda babu ko ɗaya da ya rage. A ginin kudu na daɗe a tsaye a bakin wani ɗaki. Bai fi shagon tela girma ba, da murhu a bango, da ɗan soro a sama inda yara ke hawa su kwana. Ɗakin Selina Norris Gray ke nan da mijinta Thornton da 'ya'yansu takwas. Ita ce mai kula da gidan, kuma mai yi wa Mary Lee hidima ta kusa. A cikin duk mutanen da suka zauna a tudun nan, ita ce ta fi tsaya mini a rai.

Don a gane abin da ta yi, sai a san abin da aka yi wa danginta. Custis ya rasu a 1857 ya bar wasiyya mai wuyar cikawa. Ya ce a biya basussukansa, a ba jikokinsa mata huɗu dala 10,000 kowacce, kuma a 'yanta bayinsa, kusan mutum 200 a gonaki uku, cikin wa'adin da bai wuce shekara biyar ba. Surukinsa Lee ne mai zartar da wasiyyar. Bayin sun fahimci cewa da mutuwar maigida sun zama 'ya'ya. Lee kuwa ya ga ba inda kuɗin biyan bashi da na jikoki za su fito sai daga guminsu, don haka ya tsananta aiki, ya riƙa bayar da hayar wasu zuwa wurare masu nisa, abin da ya raba iyalai da dama. Har kotu ya je yana neman a ƙara masa lokaci, ba a ba shi ba.

A 1859 mutum uku suka gudu: Wesley Norris, da 'yar'uwarsa Mary, da wani ɗan'uwansu. An kama su a jihar Maryland aka dawo da su. Bayan yaƙi, a 1866, Wesley ya ba da labarin da bakinsa aka buga a jarida. Ya ce Lee ya sa an ɗaure su a rumbu, an yi wa mazan bulala hamsin hamsin, macen ashirin, sannan aka wanke bayansu da ruwan gishiri. Lee ya musanta a wasiƙun da ya rubuta wa mutane, amma masanar tarihi Elizabeth Brown Pryor, wadda ta bi takardunsa dalla-dalla, ta nuna cewa bayanan da ke rubuce sun yi daidai da maganar Wesley a kusan kowace gaɓa. Wesley da Mary 'yan'uwan Selina ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Shekara biyu bayan haka ƙasar ta tsage. Jihohin Kudu suka fara ɓallewa bayan zaɓen Lincoln, don tsoron abin da zai sami bautar da arzikinsu ya dogara a kai. An harba harsashin farko ranar 12 ga Afrilun 1861. Ranar 17 babban taron Virginia ya zaɓi ɓallewa, washegari kuma aka kira Lee a Washington aka yi masa tayin jagorancin rundunar da za ta murƙushe tawayen. Ya ƙi. Ya dawo gida, ranar 20 ga wata ya rubuta takardar ajiye aikin da ya yi wa sojan Amurka shekara 32. Ranar 22 ya kama hanyar Richmond, babban birnin Virginia, kuma bai sake taka gidan ba har ya mutu. Masu ƙaunarsa suna cewa kishin jiharsa ne ya ja shi. Ni dai abin da na gani shi ne, akwai hafsoshi 'yan Virginia da suka tsaya a kan rantsuwarsu, ciki har da shugabansa Janar Winfield Scott, shi kuwa ya kai gwanintarsa ga ɓangaren da ke yaƙi don mutane irin su Selina su dawwama a bauta.

Duk wanda ya tsaya a barandar nan zai gane cewa gwamnati ba za ta taɓa barin tudun a hannun abokan gaba ba. Ga ginin majalisa can, ga Fadar White House, ga gadoji, duk a tafin hannu. Igwa ɗaya a nan ta isa ta hana birnin barci. Mary Lee ta san haka. Ta tura abin da za ta iya turawa, azurfa da hotuna da takardu, ragowar kayan Washington kuma ta kulle su a soron sama da ɗakin ƙasa. A tsakiyar Mayu ta shiga keken doki ta tafi, ta damƙa makullan a hannun Selina. Kafin wayewar garin 24 ga Mayu dubban sojojin gwamnati suka tsallako kogi suka mamaye tudun.

Janar Irvin McDowell ya mai da wurin hedikwatarsa. Da farko ya yi kara, ya kafa tanti a waje maimakon ya kwana a ɗakunan iyalin. Amma soja dubbai ba sa zama wuri ya tsira. Aka sare manyan itatuwan da suka shekara ɗaruruwa don itacen wuta da gina ganuwa, aka haƙa ramuka, aka tsaga hanyoyi, shinge ya zama makamashi. Sannan aka fara ɓalle ƙofofin ajiya, kayan Washington suka soma bin aljihun masu neman abin tunawa. Selina ta lura. Ta tari masu ɗauka ta ce su ajiye, sannan ta je ta sami janar ɗin da kansa ta gaya masa abin da ke ɓacewa da irin darajarsa. McDowell ya sa aka tsare ɗakunan, a farkon 1862 kuma aka kwashe sauran kayan aka kai su ajiya a wani ofishin gwamnati a Washington. Ba a mayar wa iyalin ba sai a 1901. Tantin nan na Washington yau yana gidan tarihi a Philadelphia, mutane na bin layi su gan shi.

A duba matsayinta a lokacin. A doka har yanzu baiwa ce. Masu kayan su ne suka sa aka zane ɗan'uwanta da 'yar'uwarta, kuma maigidan yana can yana yaƙi da sojojin da zuwansu ya buɗe mata ƙofar 'yanci. Da ta kau da kai, babu mai zarginta. Ta riƙe amanar, ta tsaya gaban maza masu bindiga a kan kayan da ko cokali ɗaya ba za ta gada ba. Takardar 'yancinta ta zo daga baya: Lee ya sa hannu a kan 'yanta bayin Custis ranar 29 ga Disambar 1862, bayan wa'adin shekara biyar ya cika, kwana uku kafin shelar 'yanta bayi ta Lincoln ta fara aiki. Wani hotonta, tana tare da 'yan mata biyu da ake kyautata zaton 'ya'yanta ne, sai a 2014 ya ɓullo a kasuwar eBay, hukumar da ke kula da gidan ta saye shi dala 700. Na ga kwafinsa a can. Mace ce mai kamun kai, ta dubi mai ɗaukar hoton kai tsaye.

Yadda gidan ya fita daga hannun iyalin Lee kuwa, ba da bindiga aka yi ba, da takardar haraji aka yi. A 1862 majalisa ta kafa dokar karɓar haraji a kan filayen da ke yankunan tawaye. Aka yanka wa Arlington dala 92 da santi 7. Mary na Richmond, ciwon sanyin ƙashi ya riga ya zaunar da ita, ga kuma fagen daga tsakaninta da gida. Ta aiki wani ɗan'uwanta, Philip Fendall, da kuɗin. Masu karɓar haraji suka ce sam, sai mai fili ta zo da ƙafarta. Ranar 11 ga Janairun 1864 aka yi gwanjon gonar saboda rashin biyan haraji, gwamnati ta saya wa kanta a kan dala 26,800. Ba na tausaya wa abin da iyalin suka tsaya a kai, amma wannan dabara zalunci ce da aka sa wa rigar doka, kuma guguwar ta haɗa har da Maria Syphax, wadda eka 17 ɗinta ba su da takarda. Sai da ɗanta William ya bi ta majalisa kafin aka yi doka ta musamman a 1866 aka mayar mata da filinta.

A damina ta gaba, wato bazarar 1864 a lissafinsu, yaƙi ya kai maƙura. Janar Grant na rundunar gwamnati ya shiga Virginia yana gwabzawa da Lee ba hutu, jiragen ruwa na hawo kogi cike da raunanan da ke mutuwa a asibitocin Washington, makabartun birnin kuma sun cika. Nemo sabon wuri ya faɗa kan Janar Montgomery Meigs, mai kula da kayan aiki da guzurin rundunar. Haifaffen Kudu ne, daga Georgia, injiniya ne da ya jawo wa Washington ruwan sha, kuma yana matashi ya yi aiki a ƙarƙashin Lee a kogin Mississippi a 1837. Ya ɗauki abin da Lee ya yi a matsayin cin amanar ƙasa, bai kuma taɓa sassautawa ba. Ya nuna Arlington.

Sojan farko da aka binne shi ne William Christman, saurayi ɗan Pennsylvania wanda ciwo ya kashe tun bai ga fagen daga ba. An sa shi a ƙasa ranar 13 ga Mayun 1864, can gangare nesa da gidan, domin hafsoshin da ke kwana a ciki ba sa son gawa kusa da su. Ranar 15 ga Yuni sakataren yaƙi Edwin Stanton ya amince a keɓe eka 200 su zama makabarta. Da Meigs ya zo ya ga ana kai kaburbura nesa, ransa ya ɓaci, ya ba da umarni a riƙa binne hafsoshi a gefen lambun furannin Mary, 'yan taku kaɗan daga bangon gidan. Na bi gefen lambun na karanta duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Sun kewaye shi kamar shinge, furanni a tsakiya. A watan Oktoban shekarar aka kashe ɗan Meigs, John, a kwarin Shenandoah. A 1866 uban ya sa aka haƙa wani babban rami kusa da lambun, aka gina cikinsa da bulo, aka zuba ƙasusuwan sojoji 2,111 da ba a san sunayensu ba, waɗanda aka tsinto daga Bull Run da sauran filayen yaƙi, aka rufe da dutse. Bayan wannan babu iyalin da zai iya komawa ya zauna a gidan, kuma abin da yake nufi ke nan. Shi ma da ya rasu a 1892 a nan aka binne shi, kusa da ɗansa.

A wani gefen gonar kuma rayuwa ce ta tsiro. Tun 1863 gwamnati ta kafa ƙauye don bayin da suka tsere ko aka 'yanta, waɗanda suka cika Washington ba wurin kwana. Aka yi gidajen katako a jere, da makaranta, da asibiti, da gidan tsofaffi, da wuraren koyon sana'a. Sojourner Truth, shahararriyar mai yaƙi da bauta, ta zauna a nan kusan shekara guda tana taimaka wa mata. An yi shi ne na wucin gadi, amma mutane suka yi shuka, suka gina majami'u, suka haifi 'ya'ya, har sai da aka tashe su baki ɗaya a 1900. Waɗanda suka mutu a sansanonin 'yantattu a lokacin yaƙi da bayansa, kusan 3,800, suna kwance a sashe na 27, can inda aka binne Christman. 'Yan yawon buɗe ido ba su cika kaiwa can ba, don da nisa daga ƙofa.

Lee ya rasu a 1870. Mary ta zo sau ɗaya, a watan Yunin 1873, ta kasa sauka daga keken doki. Wasu tsofaffin bayin gidan suka fito suka gaishe ta, ta dubi kaburburan da suka kewaye lambunta ta ce a juya. Bayan wata biyar ta rasu. Babban ɗansu, Custis Lee, ya kai ƙara, a Disambar 1882 kuma Kotun Ƙoli, alƙalai biyar a kan huɗu, ta yanke cewa ƙin karɓar harajin daga hannun wakili ya ɓata cinikin, fili nasa ne. Ya zama mai gonar da ke ɗauke da gawa dubbai. A 1883 ya sayar wa gwamnati a kan dala 150,000, kuma sakataren yaƙin da ya karɓi takardar shi ne Robert Todd Lincoln, ɗan Shugaba Lincoln.

Shekaru da yawa gidan ya zama ofishi da masaukin mai kula da makabarta. Sai a 1925 majalisa ta ce a gyara shi ya koma yadda yake kafin yaƙi, kuma a nan aka tarar babu wanda ya san yadda yake ɗin sai waɗanda suka yi bauta a cikinsa. Aka nemo 'ya'yan Selina mata, sun tsufa, suka faɗi wane ɗaki ne na me, wane kaya ke zaune a wace kusurwa. Aka kuma nemo wani dattijo mai suna James Parks. An haife shi bawa a gonar a 1843, yana saurayi ya ga fitar Mary da shigowar soja, ya yi aikin gina ganuwa, kuma yana cikin waɗanda suka haƙa kaburburan farko a 1864. Bai bar wurin ba, ya ci gaba da aikin makabartar har shekara sittin da wani abu. Shi ya zagaya da masu gyara yana nuna musu: nan rijiya take, nan maɓuɓɓuga, nan maƙera, nan rumbun ƙanƙara, nan bukkokinmu suke, nan kuma muke binne namu.

Ya rasu a watan Agustan 1929. Shi ba soja ba ne, amma sakataren yaƙi ya ba da izini na musamman, aka binne shi da cikakkiyar karramawar soja a sashe na 15, yamma da gidan. A cikin mutum sama da 400,000 da ke kwance a tudun nan, shi kaɗai ne aka haifa a kansa.